Tsakanin Gada da Ruwa

A Mostar gadar dutse ta gantsare kamar bayan kyanwa,
ƙarƙashinta Neretva, koren ruwa mai sanyin ƙanƙara.
Elvedin na tsaye a bakinta, ƙafa ba takalmi,
abokinsa na zaga 'yan kallo da hula.
Ba ya faɗawa sai hula ta yi nauyi.

Ni ina ƙasa kan tsakuwa, kyamarata sabuwa fil,
hoto ashirin take haɗiyewa a daƙiƙa guda.
Gefena tsoho Zijad, kan 'yar kujerar katako,
tasa kyamarar ta girme ni, fatarta duk ta saɓule.
Fim saura ɗaya, in ji shi,
kamar mai ba da labarin ciwon gwiwa.

Na ce, ɗaya, Zijad? Faɗuwar ba ta kai numfashi biyu ba.
Ya ce, shekara arba'in ina kallon yaran nan.
Na san uban wannan. Kafin ya tashi sai ya haɗiyi yawu,
ɗan ma bai bar gado ba.
Maƙogwaro nake kallo, ba sama ba.

Elvedin ya ware hannu.
Na danna, na riƙe.
Kyamara ta kama gudu kamar keken ɗinki daren salla,
ina bin sa da ita har ruwa ya tsage,
ya rufe, ya yi kumfa.
Daga gefena ƙas ɗaya na ji.
Ban ma san yaushe ba.

Da dare na baje su a allo, sittin da uku.
Ga ƙafa ta bar dutse. Ga ta ta ƙara barin dutse.
Ga gwiwa, ga gwiwar dai, ga gwiwar kuma.
Na zauna tsince kamar mai fid da tsakuwa a shinkafa
har na sami guda, kuma mai kyau ce, ba ƙarya:
ƙirji a buɗe, hasumiya a baya, tsuntsu ya gifta.
Jarida ta saya. Na biya haya.
Amma da maƙwabciya ta ce, yaya faɗuwar ta kasance?
sai na rasa ta cewa.
Kyamara ce ta gani. Ni yatsa na ara mata.

Kwana uku, na hau benen shagon Zijad.
Warin ruwan wanke hoto, gahawa a ɗan finjali.
Ya miƙo takarda yana dariya da giɓinsa.
Ya ce, na yi gaggawa, hannu ya riga ni.
Shekara arba'in, yau yatsa ya ci amanata.

A hoton Elvedin bai tashi ba.
Dugadugai sun ɗaga, yatsu na damƙe da dutse,
jiki ya karkata inda ba a komowa,
fuskar kuwa ta yaro ce da aka aika cikin duhu.
Ba mai saye. Shi kansa da ya gani
cewa ya yi a ɓoye, kada abokan tsalle su sa shi a gaba.
Uwarsa ce ta zo da la'asar, Mersiha,
ta goge hannu a zani kafin ta karɓa.
Ta ce, wannan ne nawa.
Na jarida ban san shi ba.

Na koma na bi sittin da ukuna ɗaya-ɗaya.
Babu. Na fara dannawa bayan abin ya wuce,
da ƙiris.

Har yau in aiki ya matse ina sakin keken ɗinkina,
ba a wasa da bakin tukunya.
Zijad ya daina saukowa, gwiwa ta hana.
Kujerarsa na nan a inuwar ɓaure, ni ke zama.
Jiya wani sabon yaro ya hau gada,
ban san ubansa ba, ban san alamarsa ba.
Na ɗora yatsa, ban danna ba,
ina ta neman maƙogwaronsa
har na ji ruwa ya fashe.